Sensar Totur a Motocin Fetur: Aikinta, Alamun Lalacewarta da Hanyar Gyara

1.0 Gabatarwa

An daɗe a ƙasar nan duk wanda ya koyi kanikanci a kan kafireta yake koyonsa. Mota irin Peugeot 504, wadda aka shiga harhaɗawa a Kaduna tun 1975, bakanike yakan kwance kafiretarta ya wanke, ya mayar, sa'an nan ya daidaita ta da sukurudireba yana sauraren muryar injin. Yawancin motocin fetur da ke bin hanyoyinmu yanzu kuwa injekta ce ke ba su mai, kuma kwamfuta ce ke ƙididdige yawan man da za a fesa. Ita kwamfutar ba ta da ido, ba ta da kunne. Abin da sensoci suka gaya mata da shi take aiki. In sensa ta kawo mata labarin ƙarya, to a kan ƙaryar za ta yanke hukunci.

Ɗaya daga cikin waɗannan sensoci ita ce sensar totur, wadda na'urar bincike ke nunawa da haruffan TPS. Abu ne ƙarami da bai cika tafin hannu ba, amma alamun lalacewarsa sun yi kama da na cututtuka da dama na injin. Saboda haka akan ga an sake fulogi, an sake famfon mai, an wanke nozul, wani lokaci har a sauke giya, alhali aibin yana cikin waya ɗaya da ta tsinke. Akan kuma yar da sensa lafiyayya don kawai sunanta ya fito a na'ura. Ban da asarar kuɗi akwai haɗari, domin motar da ke shaƙewa sa'ad da direba ya fito zai wuce tirela tana iya jawo asarar rai.

Makasudin wannan takarda shi ne mu bayyana aikin sensar, mu nuna yadda take lalacewa, sa'an nan mu jera matakan da za a bi a tabbatar da aibi kafin a sayi kome. Mun ɗauki Toyota Corolla mai injin 1ZZ-FE, mai lita 1.8, ta zama abin misalinmu, saboda yawanta a garejojinmu. A cikin bayanin za mu kira bututun da iska ke bi ta shiga injin da sunan maƙogwaro, ƙofar da ke cikinsa kuma faifai. Awon ƙarfin lantarki shi ne folt, wanda mita ke nunawa da harafin V.

2.0 Matsayin Sensar a Cikin Injin

2.1 Abin da totur ke yi

Mutane da yawa suna zaton in direba ya taka totur mai yake ƙara wa injin kai tsaye. A injin fetur iska yake buɗe wa hanya. Kebur ya tashi daga ƙafarsa zuwa maƙogwaro, inda yake juya wani ɗan sanda da ke riƙe da faifai. In faifan ya buɗe iska ta ƙaru, sai kwamfuta ta ƙara mai daidai da ita, domin fetur yana ƙonewa sosai ne in an gauraya kashi 1 nasa da kashi 14.7 na iska bisa nauyi. Sensar totur tana ɗaure a ƙarshen wannan sanda, saboda haka duk juyin da faifai ya yi ita ma ta yi shi.

2.2 Amfanin da kwamfuta ke yi da labarin

Akwai wata sensa dabam da ke auna yawan iskar da ta shiga, ko matsin iskar da ke bayan faifai, kuma a kanta aka gina babban lissafin mai. Sensar totur kuwa niyyar direba take bayyanawa. Da ita kwamfuta ke sanin faifai ya rufe, watau lokacin riƙe silo ya yi. Da ita take gane an taka totur farat ɗaya, sai ta ƙara ɗan mai nan take don kada injin ya shaƙe, aikin da ɗan famfon cikin kafireta yake yi a da. In mota tana cikin gudu direba ya ɗage ƙafa, kwamfuta takan yanke mai gaba ɗaya har juyin injin ya sauko. In an taka har ƙasa takan ƙara mai don injin ya ba da iyakar ƙarfinsa. Daɗin daɗawa, a mota mai giyar otomatik, lokacin shigar giya da saukarta ya dogara ne a kan buɗewar totur da gudun mota. Wannan shi ya sa ciwon sensa yakan yi kama da ciwon giya.

2.3 Ire-iren sensar

Iri na farko makunni ne kurum, irin wanda ke cikin tsarin D-Jetronic da kamfanin Bosch na Jamus ya fitar a 1967. Iri na biyu, wanda ya fi yawa a motoci masu kebur, yana da wani siririn layi na kabon mai turjiya, wanda aka lanƙwasa kamar baka, da ɗan harshe na ƙarfe da ke goga shi. Iri na uku ba shi da abin da ke gogar wani: maganaɗisu ne ke juyawa kusa da wani ɗan guntun lantarki, bisa ƙa'idar da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879.

Iri na biyu shi ne a Corollar da muka ɗauka, kuma wayoyinsa uku ne. Kamfanin Toyota yana kiran ta farko VC, ita ce ke kawo folt 5 daga kwamfuta zuwa bakin layin kabon. Ta biyu E2, ita ce wayar ƙasa da ke ɗaya bakin. Ta uku VTA, ita ce ke haɗe da harshen, tana mayar wa kwamfuta labari. Tun da folt 5 ɗin nan ya rabu a tsawon layin, abin da harshe zai ɗauka ya danganta da inda ya tsaya. In faifai na rufe, abin da ake sa ran gani a VTA yana tsakanin folt 0.3 da 1.0, in ya buɗe sarai, tsakanin 3.2 da 4.9. Abin da ya fi waɗannan lambobi muhimmanci shi ne hawan da ke tsakaninsu ya zama sannu a hankali, babu tsalle, babu yankewa. Alal misali, a ƙaddara wata sensa tana ba da 0.5 a rufe da 4.5 a buɗe. In faifai ya kai rabi, 2.5 ya kamata a gani. In a nan mita ta faɗi zuwa sifiri ta sake tashi, kwamfuta za ta ɗauka direba ya ɗage ƙafa ya sake takawa, sai motar ta fizga.

3.0 Alamu da Musabbabai

Alamun da direba ke kawowa su ne: mota tana jinkiri ko shaƙewa in an taka totur, tana fizga a wani gudu na musamman, silo yana hawa da sauka, ko injin ya mutu in an tsaya, giyar otomatik tana shiga da duka, ko ta makara, shan mai ya ƙaru, fitilar gargaɗi ta injin ta kama a dashbod. Lalle ne mu lura cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan da ta keɓanta da sensar totur. Fulogin da ya gaji, da famfon mai maras ƙarfi, da tiyon iska da ya tsage, duk suna iya kawo irinsu. Alama tana nuna inda za a fara dubawa ne kawai.

Musabbabin da ya fi yawa a sensa mai layin kabon shi ne cinyewa. Harshen ba ya gogar layin daidai wa daida, domin mota takan yi mafi yawan tafiyarta da totur a ɗan buɗe. Wurin nan shi ke fara cinyewa, shi ya sa direba zai ce motar tana fizga ne a ƙaramin gudu, in ya taka sosai sai ta daina. Na biyu shi ne soket: ruwan da ake fesa wa injin da ƙarfi a wurin wankin mota yakan shiga, ƙarafunan ciki su yi tsatsa, ko kuwa su saki. Na uku wayoyi, waɗanda zafin injin ke busarwa, girgiza ta karya su daga ciki ba tare da roba ta nuna ba. Na huɗu dauɗa: hayaƙin mai da ƙura, musamman ta hunturu in filtar iska ta huje ko an cire ta, sukan taru a bakin faifai su hana iska wucewa yadda aka tsara. Na biyar hannun mutum. Akwai ɗan sukurun da faifai ke jingina a kai in ya rufe, wanda masana'anta ta riga ta daidaita. Wanda ya saba da kafireta yakan murɗa shi don ya ɗaga silo, sai sensa ta daina nuna cewa faifai ya rufe. A nan kam da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4.0 Matakan Bincike

4.1 Tambayar direba da karanta lambar aibi

Matakin farko shi ne a tambayi mai mota yaushe abin ke faruwa: da sanyin injin ko in ya yi zafi, a wane gudu, kuma ko an wanke injin ko an taɓa shi kwanan nan. Sa'an nan a haɗa na'urar bincike, wadda kanikawa ke kira sikana. Tun daga ƙirar 1996 dokar Amurka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa can su kasance da tsarin OBD-II, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Tun da daga waɗannan wurare akasarin motocinmu ke zuwa, za a sami soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba.

Lambobin da suka shafi batunmu su ne: P0120, aibi a da'irar sensar, P0121, labarin bai dace da sauran alamun injin ba, P0122, folt ya yi ƙasa ƙwarai, P0123, folt ya yi sama ƙwarai, P0124, labarin yana yankewa yana dawowa. Abin lura a nan shi ne kowace lamba a kan da'ira take magana, watau sensa da soket da wayoyi da kwamfutar kanta. Babu lambar da ta ce a sayo sabuwar sensa. Ya kamata a rubuta lambar, tare da yanayin injin da kwamfuta ta adana a lokacin da aibin ya auku, kafin a goge kome.

4.2 Duba da ido

A kashe injin, a cire tiyon iska, a dubi faifai da bangon maƙogwaro. A juya sandan da hannu a ji ko yana maƙalewa, a ga ko sifirin yana mayar da shi har ya jingina. A duba kebur, domin in ya yi tsauri yakan riƙe faifai a ɗan buɗe. A zare soket a dubi ƙarafunan, a bi wayoyin da hannu har inda suka shige cikin damin sauran.

4.3 Awo da mita

A murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ba tare da an tayar da injin ba. Awo uku za a yi, kuma bin jerinsu yana da muhimmanci. Da farko a zare soket a auna tsakanin VC da E2 ta ɓangaren wayoyin mota: folt 5 ake nema, ko kusa da haka ƙwarai. In babu, sensar ba ta da laifi tukuna. Ko dai waya ta tsinke, ko kuwa wata sensa ta daban ta ja wutar ƙasa, domin a motoci da yawa sensoci biyu ko uku suna shan folt 5 ɗin daga tushe ɗaya. Akan gane haka ta zare sauran ɗaya bayan ɗaya har wutar ta dawo.

Na biyu, a mayar da soket, a zura siririyar allura ta bayansa, a auna tsakanin E2 da kan batir mai alamar ragi. Abin da ya wuce folt 0.1 ya nuna wayar ƙasa ba ta kama sosai ba. Na uku, a auna tsakanin VTA da E2, a buɗe faifai a hankali daga rufe har ƙarshe, a sake mayar da shi, ido yana kan mita. Mita mai allura takan fi mai lambobi nuna gajeriyar yankewa, osiloskof kuma ya fi su duka. Sa'an nan a riƙe faifai wuri ɗaya, a girgiza soket da wayoyi, a ɗan ƙwanƙwasa jikin sensar da gindin sukurudireba. In lambar ta motsa alhali faifai bai motsa ba, an kama ɓarawo.

4.4 Fassara abin da aka gani

A tsarin Corollar nan, in sikana ta nuna kashi 0 cikin ɗari ko faifai na rufe ko na buɗe, zargi yana kan VC da ta tsinke, ko VTA da ta tsinke ko ta taɓa jikin mota. In ta tsaya kusa da kashi 100 ba ta motsi, E2 ce ta tsinke, domin folt 5 bai sami hanyar komawa ba, sai ya cika layin duka. In VC da E2 suna lafiya amma VTA tana tsalle a bakin sensar, to sensar ce. In kuwa VTA tana hawa lafiya a bakin sensar amma sikana tana nuna wani abu dabam, sai a maimaita awon a bakin kwamfuta. Bambanci tsakanin awon biyu waya yake nunawa. Sai an ga labari sahihi ya isa ƙofar kwamfuta ita kuma ta karanta shi ba daidai ba, sa'an nan za a zarge ta, kuma wannan ba safai yake faruwa ba.

Gargaɗi biyu sun wajaba. Kada a gwada waɗannan wayoyi da fitilar gwaji mai ƙwan lantarki irin wadda masu rewaya suka saba da ita, domin tana jan wuta fiye da abin da da'irar za ta ɗauka. Kada kuma a jona wutar batir mai folt 12 a kan waya mai folt 5 da sunan gwaji; da haka ake ƙona kwamfutar da ta fi sensar tsada nesa ba kusa ba.

5.0 Gyara

Gyara ya bi abin da awo ya nuna. In dauɗa ce, a wanke maƙogwaro da ruwan da aka yi don haka da tsumma mai laushi, a kiyaye kada ruwan ya shiga cikin sensa. In soket ne, a wanke shi, a matse ƙarafunan da suka saki, ko a sake shi. In waya ce, a yanke wurin da ya lalace, a haɗa da dalma, a rufe da kyau. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif yakan dawo da ciwon bayan 'yan makonni.

Layin kabon da ya cinye ba ya gyaruwa, sai sauyi. A kashe makulli, a kwance sukurori biyun da ke riƙe da sensar, a lura da yadda bakinta ya kama sandan faifai, a ɗaura sabuwar haka nan. In an sa ta a karkace faifai zai ƙi rufewa, ko sensar ta karye. Wasu tsofaffin motocin Toyota suna da waya ta huɗu mai suna IDL, wadda ke nuna rufewar faifai, kuma ramukan sukurorinsu dogaye ne don a iya juya sensar kaɗan. Irin waɗannan sai an daidaita su da ma'aunin rata bisa awon da ke littafin motar. Game da saye, lambar da ke jikin tsohuwar ita ce abin bi, domin sensoci biyu suna iya zama kama ɗaya a ido alhali jerin wayoyinsu ya saɓa. Wadda aka ciro daga wata mota kuwa, a yi mata awon da muka bayyana kafin a biya kuɗi, tun da ita ma ta yi nata shekarun tana goguwa.

Bayan haka a maimaita awon VTA, a goge lambar aibi, a bar injin ya yi zafi a silo, a fita da motar a bi irin gudun da direba ya ambata, sa'an nan a sake haɗa sikana. In lambar ba ta dawo ba kuma alamar ta ɓace, aiki ya kammala.

6.0 Totur Maras Kebur

Tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin BMW ya fitar da mota mai totur na lantarki, kuma Corollar da ake sayarwa a Amurka ta koma wannan tsari daga ƙirar 2005. A nan babu kebur. Akwai sensa a ƙafar direba, akwai ƙaramin moto da ke juya faifai bisa umurnin kwamfuta, sa'an nan sensar maƙogwaro tana tabbatar mata cewa faifan ya je inda aka aike shi. Saboda tsaro, labari biyu take aikawa a lokaci ɗaya. A wasu motoci ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, jimillarsu ta tsaya kusa da folt 5. A na Toyota dukansu hawa suke yi, da tazara a tsakaninsu. In suka saɓa wa juna akan sami lamba irin P2135, kwamfuta ta yanke wa moton wuta, sifirin ya riƙe faifai a ɗan buɗe, motar ta koma tafiyar hawainiya komai takawar direba. Wannan da gangan aka tsara shi, don a iya kai ta gareji.

Ƙa'idar bincike ba ta sauya ba: wuta, ƙasa, labari. Amma akwai bambanci uku. Sensa mai maganaɗisu ba a gwada ta da awon turjiya, sai da folt ko sikana. Sau da yawa tana haɗe da maƙogwaron, saboda haka shi duka ake sakewa. Bayan wanki ko sauyi kuma, motoci da dama suna bukatar kwamfuta ta sake koyon inda faifai ke rufewa, bisa hanyar da kowane kamfani ya tsara. Kada a sa yatsa cikin maƙogwaron makulli yana kunne, domin moton yana da ƙarfin da zai ji wa mutum rauni.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa sensar totur wayoyi uku ne da layin turjiya, kuma mita ta talaka ta isa a rarrabe tsakanin laifinta da na abin da ke kewaye da ita. Abin da ya rage shi ne koyarwa. Shawararmu ga sassan koyar da fasahar mota a kwalejojin ilmi ita ce, kowane ɗalibi ya yi awon nan uku da hannunsa a kan maƙogwaron da aka ɗaure bisa tebur, malami yana tsinke waya ɗaya a ɓoye, ɗalibin ya nemo ta ya kuma faɗi hujjarsa. Tsofaffin sensocin da aka yar a gareji sun isa kayan aiki, musamman in an fasa ɗaya ɗalibai suka ga inda layin ya cinye da idonsu. Har ila yau, ya dace kwalejoji su riƙa shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa domin kanikawa da masu rewaya da ke bakin aiki, waɗanda su ne motocin ke fara zuwa hannunsu, a kuma tsayar da kalmomin da za a riƙa amfani da su, don malami da bakanike su fahimci juna in sun tsaya a gaban injin ɗaya.